Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska a Gaɓar Accra: Tambayoyi da Amsoshi kan Rana, Gishiri, Hunturu da Hadari

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin 'yan zango da harkar jirgi mai ƙyalle, wato mai tafiya da iska, ta shigo hannunsu: samarin Ashaiman da Nima da aka ɗauka aikin kula da jiragen mutane a Tema ko Ada, 'yan'uwanmu na Jamus da Holan masu tunanin aiko da jirgi na hannu gida, da masu kwale-kwale da har yanzu suke ɗaga ƙyalle idan iska ta yi kyau domin mai ya ishe su dawowa. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga cikin aikin.

Malam, ai ruwa ruwa ne. Me ya haɗa yanayin gari da lafiyar jirgi?

Ruwan Tema daban, na Hamburg daban, rana ma haka. A arewacin Turai da Kanada sanyi ne ke tsara wa mai jirgi shekararsa. Wajen Afrilu ko Mayu ya sa jirgi a ruwa, a Oktoba ya fitar da shi, ya tsiyaye duk ruwan da ke cikin inji da bututai, domin ruwa idan ya daskare girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100, kuma duk abin da ya tsare shi sai ya fashe. Rabin shekara jirgin na kan tudu a lulluɓe, a lokacin ne kuma ake duba shi ciki da waje, ko mai shi ya so ko bai so ba.

Mu a nan babu abin da ke tilasta mana wannan hutun. Accra na wajen digiri 5 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Ruwan tekunmu da ɗumi, rana a tsaye, iska ɗauke da gishiri, wata 12 cur. Idan littafin da ya zo da jirgi ya ce a yi wani gyara "sau ɗaya a shekara", shekararsu yake nufi, wadda jirgi ke yin rabinta a ɗaki. Mai jirgi a gaɓar nan shi zai yanka wa kansa lokacin gyara, in ba haka ba ranar da abu ya karye a tsakiyar ruwa ita za ta yanka masa. Amsa ta ƙarshe a shafin nan ta yi bayanin yadda za a tsara lokacin.

Yaya shekarar take tafiya a gaɓar Accra?

Damina biyu ce. Babbar tana kamawa daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, Yuni ne ƙarfinta. Ƙaramar tana zuwa Satumba zuwa Nuwamba. A tsakaninsu akwai Agusta, watan da ya fi kowane sanyi, sama a lumshe amma ruwa kaɗan. Daga Disamba zuwa Fabrairu rani ne, hunturu na leƙowa yana komawa, sai Maris ya zo da zafin da ya fi na kowane wata.

Accra ba gari ne mai yawan ruwan sama ba: abin da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, alhali Axim a yammacin Ghana tana samun fiye da 2,000. Shi ya sa jirgin katako da ke Axim ruɓewa ce babbar damuwarsa, na Accra da Ada kuwa rana da gishiri. Sai dai ɗan ruwan da Accra ke samu yakan zo ne a dunƙule, wanda ya ga ambaliyar daren 3 ga Yuni, 2015 ba sai an yi masa bayani ba. Jirgin da aka bari a buɗe, ramukan tsiyayarsa a toshe da leda, dare ɗaya ya ishe shi nutsewa a inda aka ɗaure shi.

A cikin teku kuma, daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa sama, ɗumin ruwa ya sauka daga wajen digiri 28 zuwa ƙasa da 25. Lokacin kifin amane, wato sadin, ke nan, lokacin kuma da raƙuman ruwa daga kudancin Atlantika suka fi girma.

Wane lokaci ya fi dacewa sabon shiga ya fara fita?

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Teku ta fi kwanciya, hadari ya yi ƙaranci, iskar kudu maso yamma tana kaɗawa a hankali. Da safe ba a cika samun iska ba, sai rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi sannan iskar teku ta taso, ta yi ƙarfi tsakanin azahar da la'asar, ta faɗi bayan magariba. Wanda ya fita da hantsi ya shirya dawowa kafin la'asar sakaliya, kada ya dogara da cewa iskar da ta kai shi za ta jira shi. Matsalar waɗannan watanni guda ɗaya ce, hazo, kuma an yi maganarsa a amsar hunturu. Yuni zuwa Satumba na ƙwararru ne.

Mene ne abin da ya fi haɗari ga jirgi mai ƙyalle a nan?

Hadarin gabas. Duk wanda ya taso a arewa ya san shi, shi ne dai wanda ke yaye rufi a farkon damina, amma a kan ruwa babu bangon da za ka raɓa. Ya fi yawa a Maris zuwa Mayu, sannan Oktoba da Nuwamba. Abin da ke sa shi kisa shi ne yana zuwa ta bayan inda hankalinka yake. Yini guda iska na fitowa daga kudu maso yamma, ka daidaita ƙyallenka a kanta, idonka na can. Shi kuwa hadari daga gabas ko arewa maso gabas yake tasowa, a jere kamar katanga, yana tafiya yamma.

Ga yadda yake nuna kansa. Iskar da kake tafiya da ita sai ta yi sanyin jiki, ƙyalle ya fara lilo, zafi ya danne ka. Ka waiga gabas, za ka ga gindin sama ya yi baƙi, da wani gajimare mai lanƙwasa a ƙasa-ƙasa yana birgima a gabansa. Can ƙarƙashinsa ruwa ya canza launi, wani farin layi na kumfa yana matsowa. Daga nan sai iska mai sanyi da ƙamshin ruwan sama ta taɓa maka fuska. Idan ka bari sai ka ji wannan sanyin kafin ka taɓa igiya, ka makara, domin bugun farko shi ne mafi ƙarfi, yakan wuce kilomita 60 a sa'a, kuma yana riga ruwan saman isowa.

Da ganin baƙin nan, a sauke ƙyalle gaba ɗaya a ɗaure shi tam, ba ragewa ba. Kowa ya sa rigar ceto, a rufe ƙofofin sama, a tada inji idan akwai, a juya hancin jirgi ya fuskanci iskar. Kada a ruga bakin gaɓa don a tsere masa, inda raƙuman ruwa ke karyewa ya fi tsakiyar teku haɗari a wannan lokacin. Mafi yawan lokaci ƙarfinsa ba ya kai sa'a guda. Game da tsawa, ka ƙirga tsakanin walƙiya da ƙararta: kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. Idan tazarar na raguwa, kowa ya nisanci jigo, wato dogon sandan da ƙyalle ke rataye a jikinsa, da wayoyin da ke riƙe da shi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, GMet, tana fitar da gargaɗi ga masu shiga teku, a duba kafin a fita, amma waiwayen gabas kowane ɗan lokaci ba shi da madadi.

Muna ganin guguwar da ke rusa jirage a Amurka a talabijin. Tana iya zuwa nan?

Irin wannan babbar guguwa mai juyawa ba ta haɗuwa kusa da layin tsakiyar duniya, kuma gaɓar Ghana ba ta kan hanyarta. Abin mamakin shi ne da yawa daga cikinsu hadarin yankinmu ne asalinsu: ya ratsa Afirka ta Yamma, ya faɗa teku ta wajen Senegal da tsibiran Kef Bad, sannan ya girma a hanya. A tsibiran Karibiyan lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, masu jirage na kwashe su zuwa kudu ko su ɗaure su a tudu, kamfanonin inshora ma na gindaya sharuɗɗa a kai. Mu an ɗauke mana wannan. Namu shi ne hadarin da aka bayyana a sama, da tumbatsar teku irin wadda ta shiga gidajen mutane a yankin Keta a Nuwamban 2021.

Ƙyallena bai daɗe ba amma ya fara yagewa a wajen ɗinki. Ƙyallen ne mara kyau?

Ba lallai ba. Rana ce. Yawancin ƙyallen jirgi na zamani da zaren foliyesta ake saƙa shi, kuma hasken rana yana cin ƙarfinsa a hankali ba tare da ido ya gani ba. Zaren ɗinki ne ke fara mutuwa domin shi ne a sama. Ka sa farce ka karci ɗinkin: idan zaren ya tsinke ko ya zama gari, a sake bin ɗinkin tun kafin iska ta buɗe shi daga sama har ƙasa. Ka kuma naɗe gefen ƙyallen da ya fi shan rana ka ja da yatsu biyu, in ya yage kamar takarda to ya gama aiki, faci ba zai cece shi ba.

Abin takaici, yawancin ranar da ƙyalle ke sha ba a tafiya yake shan ta ba, a ajiye yake sha, an naɗe shi a jikin sanda an tafi gida. Riga mai kauri da za a rufe shi da ita ta fi kowane gyara araha, kuma telolin da ke ɗinka tampol da rumfa a Accra za su iya yin ta idan an ba su awo. A ce musu su yi amfani da zaren da ke jure rana, ba na ɗinkin kaya ba. Idan jirgi zai yi wata bai fita ba, a cire ƙyallen ɗungurungum, a wanke da ruwan famfo, ya bushe sarai, a ajiye a ɗaki.

Igiya ma haka. Shuɗiyar igiyar roba da ake sayarwa a kasuwa tana da sauƙin kuɗi, amma rana na maida ita ƙaiƙayi, ka kama ta ka ga tana zubar da gari a tafin hannunka. Araha ba ta ado. Ta foliyesta ta fi jure rana, ta nailan kuma ita ce ta anka da ɗauri saboda tana miƙewa.

An ce ƙarfen sitenles ba ya tsatsa. Me ya sa nawa ke zubar da jan ruwa?

Yana yi, musamman a inda iska ba ta shiga: cikin kan waya inda aka matse ta, ƙarƙashin washa, wato zoben ƙarfen da ake sa wa kusa, inda ƙarfe ya ratsa bene ya shiga ciki. Ruwan gishiri ya kwanta a wurin, zafi ya taimaka masa, sai ƙarfen ya ruɓe daga ciki alhali wajensa na ƙyalli. Sitenles kuma iri-iri ne. Mai lamba 304 na kicin ne da ƙofar gida, na teku shi ne 316. Idan mai walda zai yi maka wani abu, ka tambaye shi lambar, kada ka tsaya a "sitenles ne, Alhaji".

Wayoyin da ke riƙe da jigo su ne abin tsoro, domin guda ɗaya ta tsinke jigo ya faɗo. A ƙasashen sanyi an saba canza su bayan kamar shekara 10. A ruwan ɗumi mai gishiri bai kamata a kai haka ba. Kowane wata a bi ƙasan kowace waya da ido da yatsa: jan layi, tsaga siririya kamar gashi, ko silin waya ɗaya da ya miƙe, kowanne ya isa dalilin canzawa. Inda kusar sitenles ta shiga jigon alminiyam kuma za ka ga wani farin gari yana kumbura fenti, ƙarfe biyu ne ke cin juna saboda gishiri ya haɗa su. A kwance, a goge, a shafa man da ke raba su kafin a mayar. Abu mafi sauƙi da ya fi kowane amfani shi ne wanke jirgi da ruwan daɗi duk lokacin da aka dawo, har da fuli da winci, wato ƙarafan da igiya ke bi da masu jan ta, da zif.

Sau nawa ya kamata a kankare ƙasan jirgi?

A ruwan gishiri mai ɗumi kamar na Tema, santsi na kama ƙasan jirgi cikin kwanaki, gansakuka ta biyo, sannan ƙananan halittun nan masu ɓawo mai kaifi su manne. Jirgi mai ƙyalle ba shi da ƙarfin da zai ja wannan kaya, za ka ga iska na da kyau amma jirgi na jan ƙafa, ba ya kuma juyawa yadda ya saba. A shiga ruwa da soso ko buroshi mai laushi duk bayan mako 2 zuwa 4, tun abin yana santsi. In an bari ya yi ɓawo sai da ƙarfe, ƙarfe kuma yana tafiya da fenti.

Fentin ƙasa mai hana su kamawa, wanda yawanci sinadarin tagulla ke cikinsa, a nan a lissafa masa shekara guda. Wanda aka haɗa don ruwan sanyi ba ya jimawa. A nemi wanda aka rubuta na ruwan zafi ne, kuma idan jikin jirgin alminiyam ne kada a shafa mai tagulla sai wanda aka yi domin alminiyam. Mai kankare tsohon fenti ya rufe hanci da baki, ƙurarsa guba ce. A lokaci guda a duba dunƙulen zinki da ke manne kusa da farfela, wanda aikinsa shi ne gishiri ya ci shi a madadin ƙarfen jirgi. Idan rabinsa ya tafi a canza, kuma ba a shafa masa fenti.

Jirgina na katako ne. Me zan fi kula da shi?

Abu uku: tsutsar ruwa daga ƙasa, ruwan sama daga sama, da bushewa. Tsutsar teku tana shiga katako tun tana ƙarama ta wata ƙofa da ba ta fi bakin allura ba, ta yi ta ɓarna a ciki. Daga waje katako lafiya lau, ka danna da tsinken sukudireba ya burma, ciki duk ramuka. Duk inda fenti ko kwalta ya goge a ƙasan jirgi, ko da faɗin kwabo ne, ƙofa ce. Wannan na cikin dalilan da masuntan Jamestown da Chorkor ke jawo kwale-kwalensu kan yashi maimakon su bar su a ruwa.

Itacen wawa da ake sassaƙa manyan kwale-kwale da shi daga dazuzzukan Asante da Ahafo yake zuwa. Ba shi da nauyi, yana da daɗin sassaƙa, amma ba ya jure ruɓewa da ƙwari kamar odum. Kuma ruwan sama ya fi ruwan gishiri ruɓar da katako, domin gishiri na hana funfuna yaɗuwa. Wurin da ruwan sama ke kwanciya a cikin jirgi, can za a fara samun laushi. A kwashe shi bayan kowane ruwa. Bushewa kuma ta hunturu ce, duba amsa ta gaba.

Me hunturu ke yi wa jirgi?

A bakin teku hunturu ba ya zama kamar na Tamale ko Bawku, yakan zo na kwanaki ya ja baya. Amma idan ya sauka, danshin iska na faɗuwa farat ɗaya. Katakon da ya saba da laima sai ya tsuke, haɗin alluna ya buɗe, fenti ya tsage. Jirgin katako da ke kan tudu a wannan lokaci a yi masa inuwa, a riƙa watsa masa ruwan teku safe da yamma, kuma idan an mayar da shi ruwa a ba shi kwana 1 ko 2 ya sha ya kumbura, ana kwashe abin da ya shiga, kafin a yi nisa da shi.

Ƙurar kuwa tana haɗuwa da gishiri da giris ta zama abin goge ƙarfe a cikin winci da fuli. Tana rufe farantin sola har batir ya kasa cika, a share shi da ruwa kowace safiya. A kan ruwa hazo na iya rage gani zuwa ƙasa da kilomita 1. Gaɓa ta ɓace, hasumiyar Jamestown ta ɓace, ga manyan jiragen dakon kaya da ke jiran shiga tashar Tema, wadda ke aiki tun 1962, ga kwale-kwale da tarunsu. Ranar hazo ba a fita sai da kamfas, da GPS ko da na waya ne a cikin jakar da ruwa ba ya shiga, da abin busawa. Iska ma takan rikice a kwanakin, ta yi rauni ko ta juyo daga tudu.

To jirgin faiba ya huta da duk wannan ke nan?

Ya huta da tsutsa da ruɓewar jiki, shi ya sa ma na fi ba sabon shiga shawarar faiba. Amma rana na cinye ƙyallinsa har ka shafa hannu ka ga fari kamar alli, a riƙa wankewa ana shafa masa kakin goge mota. Idan kuma ya daɗe a ruwan ɗumi, ruwa na ratsa fatarsa a hankali ya tara ƙuraje a ƙasa, ka fasa ɗaya ka ji wari mai tsami. Kaɗan ba abin tashin hankali ba ne, a buɗe su, a wanke, a bari su bushe sosai kafin a cike. Sannan yawancin benen jiragen faiba akwai katako ko soso a tsakiyarsa. Inda ruwan sama ya samu hanya ta ramin kusa, benen zai fara lotsawa a ƙarƙashin ƙafa.

Cikin jirgin na wari, katifu sun yi baƙi, batir kuma ba ya daɗewa. Duk abu ɗaya ne?

Zafi da danshi ne suka haɗu. Jirgin da aka kulle ruf a rana tanda ne da rana, da dare kuma raɓa ta sauka a cikinsa. Maganin funfuna iska ce: a bar hanyar da za ta shiga ta gaba ta fita ta baya ba tare da ruwan sama ya bi ta ba, a jingine katifu a tsaye, a bar ƙofofin kabad a buɗe. A goge bango da ruwan khal. Bilic na kashe funfuna amma yana cin nailan da zaren ɗinki, kada ya taɓa ƙyalle ko igiya. Duk abin da ruwan teku ya jiƙa ba zai bushe da gaske ba sai an ɗauraye gishirin, domin gishiri na jawo laima daga iska.

Batir irin na mota, a ƙa'idar da masu sana'ar ke bi, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin kwanansa. A ajiye shi a wuri mafi sanyi, nesa da inji, a duba ruwansa, a shafa wa kawunansa giris. Tankin dizal kuma idan rabinsa iska ce, raɓa na taruwa a ciki, wani baƙin kauri ya tsiro tsakanin ruwan da man, ya toshe matata daidai lokacin da raƙuman ruwa suka girgiza tanki, wato lokacin da aka fi bukatar inji. A riƙa barin tanki a cike, a tsiyaye ruwan gindinsa, a ajiye matata ta biyu a jirgi.

Ada ta fi teku sauƙi? Zan iya fita ta bakin kogin?

Cikin kogin Volta a Ada Foah, mai nisan kusan kilomita 100 gabas da Accra, shi ne wuri mafi dacewa da koyo: ruwa a kwance, iska mai kyau da rana, tsibirai na kare ka. Can ƙungiyar masu jiragen ƙyalle ta Ghana take. Bakin kogin kuwa, inda Volta ke haɗuwa da teku, wani abu ne daban. Yashi na ƙaura daga wuri zuwa wuri, hanyar bara ba ita ce ta bana ba. Idan teku na janyewa, ruwan kogi na fita da ƙarfi ya yi karo da raƙuman da ke shigowa, sai su miƙe tsaye su karye. Ba a ratsa wurin sai da ɗan gari wanda ya bi ta kwanan nan, da rana, lokacin da teku ke cikowa ta kusa cika.

Teku na cika sau 2 a yini, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kamar minti 50. Bambancin cika da janyewa a gaɓarmu ba ya kai mita 2, amma a kan yashi mara zurfi wannan ya isa. Mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya samu jadawali: a tsayuwar wata da kuma daren 14 zuwa 15 cika da janyewa suka fi ƙarfi, a wajen 7 da 22 suka fi sauƙi. Wanda zai yi tafiya tsakanin Tema da Ada kuma ya sani cewa zuwa gabas iska da igiyar ruwan Gini, wato gudun ruwan teku zuwa gabas, duk suna bayansa, dawowa yamma kuwa duka biyun a gabansa suke. A ninka wa dawowa lokaci da ruwan sha.

Tafkin Volta ruwan daɗi ne. Jirgi ya fi samun sauƙi a can?

Ta fuskar gishiri, ƙwarai. Babu tsutsar teku, babu masu ɓawo, tsatsa na tafiya a hankali. Dunƙulen da ke kare ƙarfe ma a ruwan daɗi na magniziyam ake sawa, zinki ba ya aiki sosai a can. Amma tafkin yana da nasa. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, da dazuzzukansa a tsaye. Kututturan na nan har yau, kuma su ne sanadin haɗurra da yawa a hanyoyin Yeji, Dambai da Kete Krachi. Ruwan tafkin na sauka zuwa wajen Yuni da Yuli, ya cika a Oktoba da Nuwamba, saboda haka hanyar da ka bi lafiya bayan damina, a ƙarshen rani kututture na dab da ƙasan jirginka. Jirgi mai dogon ƙarfen nauyi a ƙasa bai dace da yawancin tafkin ba.

Hadarin gabas ma yana da tsanani a can, ga fili ya samu, raƙuman tafki kuma a matse suke da juna, ga tsayi, suna zuwa a jere ba hutu. A ƙasan madatsa, idan aka buɗe ƙofofi kamar yadda aka yi a Satumba da Oktoban 2023 har ruwa ya ci Mepe da garuruwan kusa, ƙarfin kogi da tarkacen da yake ɗaukowa na isa har Ada, a ƙara igiyar ɗauri a kuma saurari sanarwa. Mai shiga ruwa don goge ƙasan jirgi a gefen tafki inda ciyawa take ya tuna da tsargiya, gara a jawo jirgin tudu.

Yayana zai aiko da jirgi na hannu daga Holan. Me za mu canza idan ya iso?

Kafin ya saya, ya tambayi shekarun wayoyin jigo da na ƙyalle, kuma ya sa a duba injin ko sanyi ya taɓa fasa shi. Ya guji mai benen katakon tik da mai jiki baƙi ko shuɗi mai duhu: a can ado ne, a nan ba za ka iya taka benen da ƙafa ba da azahar, cikin kuma ba ya zaunuwa. Ƙaramin jirgin roba na hurawa da ke zuwa da shi, idan na PVC ne, rana da zafi na saki gamin da aka manne shi da shi, sai an yi masa riga. Idan ya iso, hita ba ta da amfani, kuɗinta ya tafi kan rumfa, rigar ƙyalle, hanyoyin iska da gidan sauro. A sake fentin ƙasa da na ruwan zafi kamar yadda aka faɗa a amsar kankara. Ya kuma cika akwati da kayan gyara na wannan injin da wannan jigon, roban famfon ruwa, bel, matata, kusoshin 316, domin nemansu a Tema na iya cin watanni. Maganar rajista da takardu ta hukumar kula da sufurin ruwa ce, Ghana Maritime Authority, a fara da ita tun jirgin bai taso ba.

A wane wata ya kamata a fitar da jirgi don babban gyara?

Fenti da gam da faiba duk suna son busasshiyar iska, saboda haka Disamba zuwa Fabrairu ne suka fi dacewa da aikin jiki. Sai dai a guji ranar da ƙura ta yi yawa, kuma a yi shafe da hantsi bayan raɓa ta bushe, kafin jikin jirgi ya yi zafin da fenti zai bushe a kan buroshi. Matsalar ita ce waɗannan su ne watannin da fita ta fi daɗi. Shawarata a ɗauki mako 2 ko 3 a Janairu, lokacin da hazo ya fi hana fita, a yi ƙasan jirgi. Jirgin katako kada ya wuce haka a tudu, saboda abin da aka faɗa a amsar hunturu.

A ƙarshen Fabrairu, kafin hadarin farko, a hau jigo a duba kowace waya da kowace kusa, a gwada saukar da ƙyalle a ga ko yana saukowa ba tare da maƙalewa ba, a duba anka da sarƙarta. A Mayu a share ramukan tsiyaya, a gwada famfon kwashe ruwa, a ƙara ɗauri saboda raƙuman Yuni zuwa Satumba. Agusta, da yake ba zafi kuma ruwa kaɗan ne, ya dace da aikin inji, wayoyin lantarki da kai ƙyalle wajen tela. Ƙananan ayyuka na mako kuwa a ɗora su a ranar Talata, ranar da masuntan gaɓar nan ba sa shiga teku: kafintan jirgi da makanikin inji duk suna bakin ruwa, kuma a ranar ce za ka samu wanda zai gaya maka inda yashi ya koma a makon nan.